Tukunyar Yashi da Ta Je Masar

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku. Mai goyo ta jijjiga ɗanta, mai tari ta yi tarinta yanzu, don ni in na kama magana ba na ajiye ta a rabi.

Tun da muka dawo daga Masar ban huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan gaisuwa a tambaye ni, har mai kawo mini nono sai ta sauke ƙwarya ta ce wai da gaske ne akwai banɗaki cikin jirgi, to kan wa abin yake zuba? Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na kira Malama Asabe ta makarantar matan aure, ni in faɗa, ita ta rubuta, mai son ji ya kai a karanta masa. Na gaya wa Malam zan ba da labarin. Ya ce ba ruwansa, ya juya ya fuskanci bango. A gidanmu wannan izini ne.

Malam maigidana ne, ba na kiran sunansa, ku ma kun san shi a unguwar Turaki. Ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin shanu tsakanin garin Mutum Biyu da kudu. Mutum ne mai semteende, abin da Hausawa ke cewa kunya, sai dai tamu ta Fulani ta fi tasu nauyi. Bai taɓa cewa yana jin yunwa ba. Ƙaho ya taɓa tsaga masa cinya, ya shigo gida yana tambayata ko kaji sun sha ruwa.

To wannan mutum shi ciwon suga ya kama. Ya rame, ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, buta ba ta hutawa. Maƙwabciyarmu Sista Rifkatu, 'yar Mumuye ce da ta bar aikin asibiti, ita ta gane, ta kai shi wurin likita a ɓoye. Aka ce sai allura, safe da yamma, har ƙarshen rai. Malam ya ce zai yarda bisa sharaɗi guda: kada kowa ya ji, ko 'ya'yan da muka haifa. Sista ta koya mini sukar allura a jikin lemo. Na soke lemo ya fi kwando kafin ta ba ni cikin Malam.

Ruwan allurar nan ba ya son zafi, ga wutar Jalingo kun san ta, baƙuwa ce, sai ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Sai Sista ta sa na samo ƙaramar tukunyar ƙasa, na cika ta da yashin kogin Mayo Gwoi, na binne kwalaben a ciki, kullum in yayyafa ruwa. Ƙarƙashin gadona take zama. Matan unguwa suka ƙyalla ido suka gan ta, suka ce asiri na binne wa Malam. Ga shi kuma safe da yamma yana shiga ɗakina ya turo ƙofa, tsoho da tsohuwa. Har guɗa aka taɓa yi mini a bakin rijiya. Na bar su da zatonsu, don ya fi gaskiyar daɗin ji.

Saura mutum guda ku sani, mijin 'yarmu ta fari. Shi ma ba na kiran sunansa, Darakta muke cewa. Tun da aka ba mu jiha duk mai tabarau da jaka ya zama darakta, amma namu na gaske ne, yana da direba. Tun ranar da ya auri 'yata ban taɓa duban fuskarsa na yi masa magana ba. In ya zo gaisuwa yana zaure, ina bayan zana. Shi da Malam kuwa su yi ta gaisawa kowa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ci ko sha a gaban juna, wannan ko a mafarki.

Shekara biyu ko uku da samun jiha, farar yana ta rufe idon Malam. Ya yi ta musu har ranar da ya tsaya ya gaida turken akuya, ya tambaye shi iyali. Labari ya kai gidan Darakta. Ya aiko matarsa ta ce zai kai Malam Masar a gyara masa ido, da kansa zai raka shi, ni kuma in bi don hidima.

Na tsallaka wurin Sista. Ta zaunar da ni ta ce da Hausarmu ta Jalingo, "Mama, ka ji ni da kyau. Maganin nan kar ka bari a sa shi cikin kaya a gindin jirgi, sanyin wurin zai kashe shi. A hannunka zai zauna. Kuma in ka yi masa allura, dole ya ci abinci, ko a gaban gwamna ne." Ta ba ni sukari mai ƙwaya na ƙulle a bakin zane, ta ce in ya fara gumi da ɓari in tura masa a baki. Ta ce kuma a karɓo takardar likita, don ma'aikatan filin jirgi ba sa barin allura ta wuce haka nan. Malam ya ƙi. Ya ce takarda ba ta da kunya, duk wanda ya buɗe ta sai ta gaya masa kome.

Muka kama hanya a fijon Darakta, Malam a gaba, ni da tukunya a cikin kwando a baya ta hagu, Darakta ya manne da ƙofar dama kamar zai fita ta taga. Hanyar Numan ta girgiza mu har na ji haƙoran da na rasa suna ciwo. Duk ramin da muka faɗa sai in rungume kwando. Direba ya tambaya ko ƙwai ne, na ce ya dubi gabansa.

A ƙasa kunya ba ta da wuya, don ko'ina akwai bango. Da muka tsaya a Gombe, Darakta ya tuna yana da magana da mai faci, ya ɓace. Malam ya zaga bayan masallaci, na bi shi da kwano. Da ya gama ya yi gyaran murya, sai ga Darakta ya ɓullo yana goge baki, shi ma ya samu nasa bangon. Haka muka yi har Kano, ba wanda ya ga wani yana tauna.

A Kano gidan abokin Darakta muka sauka. Mutanen kirki ne, sai dai surutu. Matar gidan ta ji Hausata ta yi dariya, ta ce mu mutanen Jalingo muna mayar da mace namiji. Na ce mu aro muka yi, ita da ta gada me ta tsinana da ita ban da cinikin atamfa? Muka shirya nan take. Ta cika mini jakar guzuri da gurasa da dafaffen ƙwai da dambun nama. Amma gidan cike yake da yara, kowane ɗaki ka buɗe sai ka ga ido. Da safe kuma aka ce an matso da lokacin jirgi, aka kwashe mu a gurguje. Malam bai samu allurar safe ba, bai karya ba. Na ce a raina, in mun isa filin jirgi zan nemo mana bango.

Filin jirgi kasuwa ce da ba a sayar da kome, kowa yana gudu da takarda a hannu. A wurin awon kaya na ajiye jakar guzuri a ƙasa don in gyara mayafi. Darakta, don ladabi, ya sunkuya bai dube ni ba, ya ɗauke ta ya ɗora a sikeli. Ina ji ina gani wani bel mai jan kaya ya tafi da gurasar Malam cikin rami. Da wane baki zan ce masa ya dawo da ita? Ya miƙo hannu zai ɗauki kwando, na cusa shi cikin mayafi na rungume kamar jinjiri. Ya janye hannunsa.

Daga nan sai wurin bincike. Akwai wani akwati da ke haɗiye kaya ya amayar ta baya, wani mai kaki yana kallon hanjin kayan a talabijin. Ya haɗiye jakar Darakta lafiya. Ya haɗiye kwandona, sai mai kallo ya miƙe tsaye. Lokacin ana ta kama masu safarar hodar nan da ke haukata mutane, kowa a tsorace yake. Aka kira wata ma'aikaciya, ƙatuwa, da wandon kaki da jan baki, daga ganinta 'yar kudu ce amma Hausarta ta nuna. Ta kwance tsumman sirinji ta jera su a tebur. Ta sa biro ta tone yashina, ta zaro kwalabe ɗaya bayan ɗaya kamar mai haƙar gyaɗa. Ta ce na wane ne?

Malam yana gefe yana jan carbi. Darakta yana bayansa yana nazarin rufin ɗaki. Na ce nawa ne.

Ta ce ina takardar likita? Na ce likitanmu ba ya rubutu. Ta ja ni wani lungu mai labule, ta ce in nuna mata inda nake sukar kaina. Na buɗe. Ta duba ciki, ta duba cinya, ta ce, "Hajiya, fatar nan ko sauro bai taɓa cizo ba. Ko ki kawo takarda, ko ki kawo mai ciwon, ko kayan nan su kwana a nan, wataƙila da ke."

Na auna. Ba magani, Malam ba zai ga Masar da ido ba, gyararre ko maras gyara. Na matsa kusa da kunnenta na gaya mata gaskiya. Ta ce to me ya sa na yi ƙarya? Na turo baki wajen labule na ce mai tabarau ɗin can surukinsa ne. Ta ce to sai me? A garinsu suruki shi ke goya tsoho ya kai asibiti. Na ce namu ma ga shi zai kai shi har Masar, sanin dalili ne kawai bai kamata ba. Ta daɗe tana kallona kamar ta ga akuya da takalmi.

Amma ta yi mini mutunci. Ta leƙa ta ce a shigo da Baba a duba babbar rigarsa, kamar dai binciken kowa da kowa. Aka shigo da shi tare da wani ma'aikaci namiji. Da Malam ya ji abin da ake so, ya ce a mayar da shi Jalingo, makanta ba ta kashe kowa ba. Na yi masa magana da Fulatanci don kada su ji. Na ce, "Ko ka ɗaga riga a gaban mutum biyu da ba za ka sake gani ba, ko a tuɓe ka gaba ɗaya a gaban masu wankan gawa. Zaɓi guda."

Ya ɗaga. Cikin nan duk tabo, kamar fatar da aka ɗinka aka warware. Ma'aikacin ya ce ya ga tabo, amma wa ya san abin da ke cikin kwalba? In magani ne a yi a gabansu. Dama lokaci ya wuce, na ja ruwan na soka. Ƙatuwar nan mai jan baki, wadda ta ce zan kwana a hannunta, ta runtse ido ta kama bango tana kiran uwarta. Ashe tsoron allura take.

Suka yanke hukunci: kwalabe su zauna a hannuna, sirinji a ba ma'aikatan jirgi su riƙe sai mun sauka. Yashi kuwa suka juye a jarida suka tankaɗe da yatsu, suka mayar mini da rabi. Matar ta ɗauko gorar ruwanta ta yayyafa a kai da kanta, ta ce in gaida Baba in ya daina fushi.

To, ga allura a cikin Malam, ga cikinsa wayam, ga gurasa a gindin jirgi. A ɗakin jira akwai mai shayi da burodi, amma Darakta yana zaune daura da mu, kuma bangon wurin duk na gilashi ne, bango marar amana. Na kwance bakin zane na nuna wa Malam sukari a ɓoye. Ya kau da kai. Kafin in yi wata dabara aka ce a hau.

Jirgi dogon zaure ne da kujeru, an ɗaure kowa da ɗamara kamar za a yi masa kaciya. Aka jera mu uku a layi guda, ni a taga, Malam a tsakiya, Darakta a bakin hanya, kafaɗa tana gugar kafaɗa. Tun da aka ɗaura auren 'yata ba su taɓa zama kusa haka ba. Da jirgi ya tashi na ji hanjina ya rage a Kano. Na leƙa taga sau ɗaya, na ga abin da bai shafe ni ba, na rufe.

Can sai ga wata Balarabiya mai hidima ta taho da tire guda, ta wuce kowa, ta duba lambar kujera, ta ajiye a gaban Malam shi kaɗai. Jirgi guda ba wanda aka ba sai shi. Malam ya zura hannuwa cikin riga ya rufe ido, wai barci. Darakta ya yunƙura zai tashi ya ba shi wuri, sai keken abinci ya toshe hanya. Kafin keke ya wuce jirgi ya shiga rawa kamar mun koma hanyar Numan, aka ce kowa ya ɗaure ya zauna. Aka ajiye nawa, aka ajiye na Darakta. Tire uku suna huce wa juna, mutum uku suna kallon bayan kujera.

Na taɓa Malam da gwiwar hannu. Na sake. Sai na ga gumi yana bin gemunsa, a wurin da sanyi ya sa ni lulluɓa. Carbi ya faɗi daga hannunsa. Sai ya buɗe ido ya yi dariya, har da haƙora. Ni da na haifa masa 'ya'ya ban san yana da wannan dariyar ba.

Ya juya ya dubi Darakta sama da ƙasa. Ya kai hannu ya mammatsa masa wuya, ya daddanna kafaɗa, yadda yake yi wa shanu a kara. Ya ce, da ƙarfi har na gaba suka waiwayo, "Wannan bijimin dusa aka ɗura masa. Duk kitse ne, ba ƙashi. Ba zai kai kudu da ƙafarsa ba." Sannan ya kama leɓen Darakta ya ɗaga don ya ga haƙora.

Darakta bai motsa ba. Ya zauna da leɓe a ɗage, tabarau a karkace, yana kallon gabansa.

Na kwance sukari na kai bakin Malam. Ya make hannuna, ƙwayoyin suka watse ƙarƙashin kujeru, suka bar mini guda. Ya datse haƙora. Idonsa ya fara juyewa, jikinsa yana saki yana zamewa cikin ɗamara. Sista ta gaya mini abin da ke bayan wannan: barcin da ba a tashi. Ƙarfina bai kai in buɗe bakin mutumin da ya yi rayuwarsa yana kayar da bijimai ba. Mai ƙarfi guda ne kusa, kuma tsakanina da shi akwai zana ta shekara ashirin da wani abu.

Na dubi fuskarsa. Na kira sunansa, sunan yanka, wanda uwarsa ta san shi da shi. Malama, ɗaga alƙalaminki, ba za a rubuta shi ba. Na ce, "Riƙe mini shi. Buɗe bakinsa."

Bai tambaye ni me ya same shi ba. Wannan sai daga baya na tuna. Ya ɓalle ɗamararsa, ya daka wa Balarabiyar tsawa da Turanci, ta rugo da lemon kwali da ƙunshin sukari. Ya jawo kan Malam ya kwantar a ƙirjinsa, ya matse muƙamuƙi da hannu guda kamar mai ba maraƙi magani, ni na tura ƙwayar nan cikin kumatu. Yana ɗiga masa lemo kaɗan kaɗan yana cewa, "Baffa, haɗiye. Baffa, don Allah haɗiye." Malam ya gartsa masa cizo a yatsa. Bai saki ba.

A hankali ɓarin ya tsaya. Ido ya dawo mazauninsa. Malam ya farka ya ga kansa a ƙirjin surukinsa, yatsan surukinsa a bakinsa, lemo yana bin gemu, Larabawa sun kewaye shi. Ya tashi zaune. Ya gyara hula. Ya tambayi bayan kujerar gabansa ko mun wuce Gombe.

Na ce masa sukari ba ya riƙe mutum, sai ya ci abinci yanzu. Ya dubi tire, ya saci kallon gefensa. Sai Darakta ya warware bargon jirgi ya lulluɓe kansa ruf, tun daga hula har gwiwa. Darakta guda, mai direba da masinja, ya zauna a ƙudundune kamar amarya. Malam ya ci. Ya kusa cinye nasa, ya ɗauki burodin da ke tiren mai bargo ya haɗa. Da ya gama ya yi gyaran murya irin ta bayan masallacin Gombe, bargo ya buɗe.

Na ɗanɗana ragowar tiren Malam. Kifi ne dafaffe da ganye, ba zaƙi ko kaɗan, alhali namu har da wani kek mai zuma. Na riƙe wannan a raina.

A Alƙahira aka mayar mini da sirinjina a cikin ambulan. Mai duba kaya ya ga tukunya, ya ga yashi, na ce yau ma za a tone. Sai ya shafa gefenta ya ji sanyi, ya yi dariya ya kira abokinsa. Darakta ya gaya wa iska cewa wai uwar mutumin ma da irinta take sanyaya ruwa a ƙauyensu. Ya buga hatimi ya ce mu wuce.

Masaukinmu can saman bene ne, ana hawa cikin wani ƙaramin ɗaki mai tafiya sama. Mai gidan wata bazawara ce, Ummu Sa'id, ta tarbe ni da sumba a kumatu biyu kamar ta san uwata. Mutanen nan ba su san semteende ba. Maza suna sumbatar maza a titi. Magana kuwa sai ka ce faɗa, ashe gaisuwa ce. Na ga Ummu Sa'id da mijin 'yarta hannu cikin kwano guda, tana zaginsa yana ƙara miya. Mata ba sa sauka sayen kaya, sai su zuro kwando da igiya ta taga, mai gurasa ya sa, su ja. Wannan kam na yaba. Abinci wake da safe, wake da rana, in an gaji a niƙa waken a soya. Suka kawo wata miya da suna mai tsawo suna ta yabo, na ɗanɗana na ji lalo ce, wadda ke fitowa bayan ɗakina ba wanda ya shuka. Shayinsu kuwa cokali yana iya tsayawa a ciki don sukari, kullum sai na shanye na Malam na haɗa da nawa don kada mai gida ta ji haushi. Wutarsu ba ta ɗaukewa, ga firiji yana ta gurnani. Na sa kwalabe a ciki, amma ban daina jiƙa yashina ba. Ban yarda da wutar da ba ta hutawa ba.

Rana ta biyu ina bayan ƙofar kicin, Darakta ya tsaya a falo ya yi wa bango magana. Ya ce shi ya roƙi masu jirgi su yi wa Baffa abincin masu suga, bai san za su kawo shi da shela ba. Ya ce ya daɗe da sani. Matarsa ta sani, ƙannenta sun sani, liman ya sani. Kiyashin da ke taruwa a makewayin Malam ne suka fara ba da labari. Ya ce ya so ya karɓo takardar likita, ya ji tsoron kada Baffa ya gane an sani. Na gaya wa ƙofa cewa ta ce masa useko, an gode, kuma yaya yatsa? Bango ya ce da sauƙi.

Abin da ba wanda ya tuna tun daga Jalingo shi ne, likitan ido ba ya jin Hausa. Ya auna jinin Malam, ya ɗaga murya, kuma ba mai fassara sai Darakta. Darakta ya juya ya fuskanci taga ya ce, "Likita ya ce wai akwai wani dattijo da ya kamata ya rage tuwon shinkafa, kuma kada ya ƙara yin allura bai ci ba."

Malam ya dubi ƙofa ya ce, "A gaya wa likita dattijon ya ji."

Da haka suka yi ta yi har aka gyara ido. Wane irin fitsari dattijon yake yi, sau nawa dattijon yake tashi, duk ta taga da ƙofa aka bi. Ranar da aka kwance bandeji, Malam ya dube ni ya daɗe, ya ce ashe na tsufa. Na ce shi ma turken akuya yana gaishe shi.

Da za mu dawo likita ya ba da takarda mai hatimi ta haye jirgi da allura. Malam ya karɓa, don da Larabci aka rubuta, ya ce wannan ta fi kama da addu'a. Aka nuna ta a ƙofa, ba wanda ya tone kome. Darakta kuma ya nemi kujera can ƙarshen jirgi kusa da banɗaki, ya zauna da yunwarsa da mutuncinsa, mu ma da namu. Masu tambaya kan wa abin yake zuba, ku je ku tambaye shi, shi ya yi maƙwabtaka da wurin.

Sista Rifkatu tana nan, na kawo mata mayafin Masar, tana yafawa zuwa coci. Ma'aikaciyar Kano ban sake ganinta ba, Allah ya raba ta da allura. Ummu Sa'id ta aiko mini da gaisuwa ta bakin wani ɗalibi, da ƙullin waken da ba wanda ya ci. Matan bakin rijiya sun ji gaskiya sun daina guɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan a tafiyar duka. Darakta ya aiko da firiji mai aiki da kananzir, tukunya ta yi ritaya kamar Sista, amma tana nan ƙarƙashin gado da rabin yashinta, ta je Masar ta dawo, abin da liman bai yi ba. Ni kuwa na koma bayan zanata, sunan nan ban sake kiransa ba, ba kuma zan sake ba sai in wani ya datse haƙora.

Malam yana gani garau. Maganar bijimi bai taɓa tayar da ita ba, ya ce bai tuna kome ba, amma na lura duk Sallah ragon da ya fi ƙashi yake aika wa gidan 'yarsa. Kowace Juma'a bayan masallaci Darakta yana zuwa. Da can gaisuwa ce ya tafi. Yanzu Malam yana sa a kai kwano biyu zaure. Na leƙa ta hudar zana sau ɗaya. Tabarma guda, Malam yana fuskantar gabas, Darakta yana fuskantar yamma, baya ya jingina da baya, kowa yana cin nasa. Can na ji Malam yana tambayar bango ko miyar ta ji gishiri. Bango ya ce ta ji.

Ga kunnuwanku nan na mayar, kowa ya duba kada ya ɗauki na wani.